Garin Kula Da Lafiyar Ƙawayena Na Rasa Aminiyata

Assalamu alaikum Anti. Shekarata 49, a Makka aka haife ni, a nan na yi aure na haifi 'ya'ya shida. Shekara biyu ke nan da rasuwar yayata, uwa ɗaya uba ɗaya. Tana cikin wanke-wanke ta yanke jiki ta faɗi, bakinta ya karkace, kwananta huɗu a asibiti Allah ya karɓi abarsa tana da shekara 54. Sai a can muka ji wai ta daɗe da hawan jini, ita kanta ba ta sani ba.

Da aka share makoki na je mustausaf, wato ƙaramin asibiti, aka auna ni. Tarakumi, wato awon da ke nuna matsakaicin sugan jini na kusan wata uku, ya nuna 6.1, daktora ta ce ina bakin ƙofar ciwon suga. Na rage shayi da shinkafar dare, na kama tafiya bayan Asuba. Cikin wata goma na sauke kilo bakwai daga 92, tarakumi ya dawo 5.6. Muna da adashi mu mata 12, duk wata muna haɗuwa a gidan wadda za ta kwasa. Da suka ga yadda na koma sai suka ce in riƙa koya musu. Na ji daɗi ƙwarai, na sayi na'urar awon jini da ta suga da kuɗina, duk zama sai in auna kowa in faɗi lambarta.

Yanzu abin ya juye mini. Aminiyata tun muna yara, wadda ke dafa abincin sayarwa, da na ga lambarta sai bakina ya suɓuce na ce mata a gaban kowa, "Wallahi ƙibar nan ce za ta kashe ki." Ta fita daga gurup ɗinmu na WhatsApp, wata biyu ke nan ba ta ɗaga wayata. Ga kuma yayar maigidana, shekararta 58, ta daɗe tana shan maganin hawan jini. Ranar da na auna ta lambarta ta yi kyau, sai ta ajiye maganin, wai tunda ni na samu lafiya ba ƙwaya ita ma zoɓo da hulba sun ishe ta. Sati uku ke nan, ta fara kukan ciwon kai, kuma ta haɗa ni da Allah kada in gaya wa ƙaninta ko 'ya'yanta. Shi kuwa maigida, ko wannan bai sani ba yake cewa in tattara na'urorina, ni ba daktora ba ce, kada in jawo masa magana. Anti, ba na barci. Alheri na nufa. In haƙura da abin gaba ɗaya ne?

'Yar uwarki daga Makka

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya jiƙan Yaya, ya sa jinyar da ta yi ta zame mata kaffara, ya ba ki haƙurin rashinta. Na san maganar aminiyarki ce ta fi ci miki rai, kuma zan zo kanta, amma akwai wadda ba ta jira, ita ce ta yayar maigidanki. Idan kin gama karanta wannan, ki ɗauki abayarki ki tafi gidanta yau ɗin nan.

Ga abin da ya ruɗe ta, kuma yana ruɗin mata da yawa. Maganin hawan jini ba ya kawar da ciwon, riƙe shi yake yi kamar yadda ake riƙe akalar raƙumi. Kyakkyawar lambar da kika gani a hannunta ran nan aikin maganin ce, shaida ce cewa yana yi mata amfani, ita kuwa ta ɗauke ta a matsayin sallama. Kuma ku biyu ba a wuri ɗaya kuke tsaye ba. Ke an tare ki a bakin ƙofa tun ba ki shiga ba, shi ya sa gyaran ci da tafiya suka ishe ki. Ita ta yi shekaru a ciki. Zoɓo marar sukari yana ɗan taɓa hawan jini, an gwada an gani, amma ɗan taɓawar nan ba ta kai ya maye gurbin abin da likita ya rubuta ba. Wasu magungunan ma idan aka yanke su farat ɗaya, jinin kan yi tsalle ya wuce inda yake tun farko. Mace mai shekara 58, sati uku ba magani, ga ciwon kai, wannan ba abin a sa wa ido ba ne.

Idan kin je, kada ki fara da faɗa. Ki zauna, ki sha gahawarta, ki tambaye ta, "Yaya, me maganin nan yake yi miki da ba kya so?" Ina mai tabbatar miki akwai wani abu a ƙarƙashin maganar zoɓon. Akwai maganin hawan jinin da ke sa busasshen tari mai hana barci, akwai mai kumbura ƙafa, akwai mai sa yawan fitsari, wanda ga mace mai son ta je Harami ta zauna daga Magariba zuwa Isha da alwala ɗaya ba ƙaramar takura ba ce. Wata kuma kuɗin ne ya yi mata nauyi, kunya ta hana ta faɗa wa 'ya'ya. Na ga wannan a gidanmu. Ƙanwar mahaifiyata ta yi wata da watanni tana tura ƙwayoyinta cikin rigar matashi, ranar da muka zo canza shimfiɗa suka zubo a ƙasa kamar tsaba. Da aka lallaɓa ta sai ta ce fitsarin ne ya hana ta zuwa ko'ina. Likita ya canza mata wani, magana ta ƙare. Duk waɗannan suna da gyara, amma a hannun wanda ya rubuta maganin, ba a hannunki ko nata ba. Ki auna ta, ki rubuta lambar, ku kira 937 na Ma'aikatar Lafiya, ana samun likita a layin dare da rana, ko ku wuce mustausaf kai tsaye da kwalin maganin a jaka. Kada ki ce mata ta haɗa na kwanakin da suka wuce ta sha. Idan kuwa kin tarar lambar sama ta kai 180 ko ta ƙasa ta kai 120, ga ciwon kai mai tsanani, ko gani ya dushe, ko ƙirji ya riƙe, ko harshe ya yi nauyi, ko hannu ɗaya ya saki, to ki kira motar asibiti a 997 nan take, ba sai kin nemi izinin kowa ba. Ke kin san yadda wannan ciwo yake zuwa.

Batun haɗa ki da Allah da ta yi, na fahimci nauyinsa a zuciyarki. Amma amanar da riƙe ta zai iya kai mai ita kabari ba a riƙe ta haka. Abin da ya dace da girmanta shi ne ki ba ta zaɓi a gaban idonta, ba ki zagaya ta baya ba. Ki ce, "Yaya, ki gafarce ni, wannan ya fi ƙarfina. Na binne Yayata a kan irin wannan. Ko mu tafi wajen likita ni da ke yau, magana ta tsaya a tsakaninmu, ko kuma in gaya wa ƙaninki." Yawanci idan aka ba babba ƙofar fita da mutuncinta, takan bi. In ta ƙi, ki faɗa wa maigida a daren, ki ɗauki fushinta na ɗan lokaci.

Yanzu aminiyarki. Ba zan ɓoye miki ba, kin yi mata ba daidai ba, kuma na san kin sani, shi ya sa ba kya barci. Ba wai ƙarya kika faɗa ba. Amma akwai macen da ba ta san nauyin jikinta ba? Ita ke ɗauke da shi tana hawa matakalan unguwa, ita ke jin gwiwarta idan za ta tashi daga sujada, ita ke tsayawa gaban tela ana ƙara mata yadi. Ba labari kika ba ta ba. Abin da ta ji a ranar shi ne ƙawarta ta ƙuruciya ta tsayar da ita a gaban mata goma ta nuna ta da yatsa: ga wadda ta kasa. Kuma ki duba rayuwarta da kyau. Mai dafa abincin sayarwa tun duku-duku take tsaye gaban wuta, tana ɗanɗana wannan tana ɗanɗana wancan, ba ta zama ta ci abin kirki sai tsakar dare, lokacin da ta gaji liƙis, kuma abin da ya kwana a tukunya shi za ta ci don kada a yi asara. Tafiyar bayan Asuba da ta yi miki rana, ita a wannan lokacin tana yankan albasa. Kin ga abin da ya zo miki da sauƙi ita ko ƙofarsa ba ta da ita. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Kuma wannan ba rauninta ba ne ita kaɗai. Saudiyya tana cikin ƙasashen da ciwon suga ya fi yawa a duniya, cikin manya shida da wuya a rasa mai shi. Hukuma da kanta ta ga abin ya yi yawa, shi ya sa a 2017 ta ɗora harajin kashi 50 cikin ɗari a kan lemon kwalba, a 2019 kuma ta wajabta wa gidajen abinci rubuta yawan kalori a jikin takardar abincinsu. Kakanninmu da yawa a ƙafa suka taso daga ƙasar Hausa, suka ratsa Chadi da Sudan har bakin teku, wasu shekaru suka yi a hanya. Mu jikokinsu mun tashi cikin mota da na'urar sanyaya ɗaki da zafin da kan haura digiri 45, ga kabsa da tamis da burost a kowace kusurwa. Jikin ɗaya ne, zaman ne ya canza. Macen da ta yi ƙiba a cikin wannan hali tausayawa take buƙata.

Ki je gidanta da ƙafarki. Kada ki aika saƙon murya, kada ki fara da ɗan aike. Ki zaɓi lokacin da ta sauke tukunya, ki shiga, in kin tarar da aiki ki sa hannu. Sannan ki ba ta haƙuri, haƙurin da babu "amma" a bayansa. Da zarar kin ce "ki yi haƙuri, amma ai don lafiyarki na faɗa", kin sake maimaita laifin. Ki ce kin kunyata ta a gaban mutane, ba ta cancanci haka daga gare ki ba, kuma kin yi nadama. Akwai wani abu da nake gani a wasiƙarki wanda ke ba ki rubuta ba: ranar da kika ga lambarta, ba ita kika gani ba, Yaya kika gani a kwance a ƙasan kicin. Tsoro ne ya fito ta bakinki da kamar zagi. Wannan za ki iya faɗa mata, domin gaskiya ne kuma ta san Yaya, ta yi kukan rashinta tare da ke. Amma ki faɗe shi bayan ta karɓi haƙurin, kada ya zama uzuri. Daga nan ki kulle bakinki a kan maganar lafiyarta, ko da wata shida ne, har sai ita ta buɗe. In ta ƙi sauraronki a zuwan farko, ki koma na biyu. Sai in wannan ma ya ci tura ne za ki nemi wata babba da take jin nauyinta ta shiga tsakani.

Maigida kuwa, ki ba shi gaskiyarsa, yana da ita. A ƙasar nan doka ta hana mutum yin aikin jinya ba lasisi, kuma mace mai jera mata tana auna su tana yanke musu hukunci ta fara kusantar iyakar, ko da niyyarta fara ce tas. Ki ce masa ya yi gaskiya a kan na'urorin, ki gaya masa abin da za ki daina da abin da kike son ci gaba da shi, ki nemi yardarsa a kan wannan. Namijin da aka ce wa "ka yi gaskiya" yakan saurari sauran zancen.

To, ki haƙura gaba ɗaya ne? A'a, ban goyi bayan haka ba, kuma ba don in faranta miki nake faɗa ba. Abin da kika yi wa kanki abu ne da aka tabbatar. A Amurka an bi mutum sama da 3,000 masu irin lambarki ta bakin ƙofa, aka fitar da sakamakon a 2002. Waɗanda aka taimaka wa suka nufi rage kashi bakwai cikin ɗari na nauyinsu tare da motsa jiki na minti 150 a mako, haɗarin kamuwarsu da ciwon suga ya ragu da kashi 58 cikin ɗari, fiye da na waɗanda aka bai wa ƙwaya, da nasu ya ragu da kashi 31. Ki lissafa kilo bakwai daga 92, za ki ga daidai wurin kika sauka. Shi kuma taimakon da mace ke yi wa 'yar uwarta, shi ma an gwada. A birnin San Faransisko an haɗa masu ciwon suga marasa ƙarfi da wasu masu ciwon irin nasu don su riƙa bibiyarsu, aka kwatanta da waɗanda ba a haɗa da kowa ba, kusan mutum 300 gaba ɗaya. Bayan wata shida tarakumin waɗanda aka bibiya ya fi sauka sosai, an buga wannan a 2013. Sai dai ki lura, masu bibiyar nan sai da aka ba su horo na awa 36, kuma suna manne da asibitocin da ke duba mutanen, ba gaban kansu suke yi ba. A Ailan kuma an gwada ta hanyar tara mutane rukuni-rukuni, sakamakon 2011 bai nuna wani bambancin kirki ba. Wato tara mata a falo kaɗai ba ya wadatarwa. Yadda ake yin abin shi ne maganar.

Kuskurenki ɗaya ne, shi ya haifi sauran: matan nan abokiyar tafiya suka nema, ke kuma kika zame musu daktora. Daktora tana aunawa ta faɗi hukunci. Abokiyar tafiya tambaya take yi ta saurara. Darajarki a wurinsu ba ilimin likita ba ce, ita ce kin san yadda ake ƙin ƙarin shinkafa a gidan suruka ba a ɓata rai ba, kin san abin da ake ji idan an miƙo basbusa a walima kowa na kallo. Wannan babu likitar da za ta koya musu. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne.

A zama na gaba ki fara da ba su haƙuri dukkansu a kan faɗin lambobi a bainar jama'a, ki ce daga yau lambar kowa sirrinta ce, kuma abin da aka faɗa a zaman a nan zai kwana. Na'urar suga ki mayar da ita ɗakinki, taki ce ke kaɗai. Wannan ina so ki riƙe da kyau, domin abin huda yatsa idan yana yawo daga hannu zuwa hannu yana iya ɗaukar ciwon hanta daga wata ya kai wa wata, ko da an canza tsinken. Banda haka, awon da aka yi bayan an ci sambusa an sha shayi ba ya gaya miki komai sai tayar da hankali. Wadda ke son sanin matsayinta ta je a yi mata tarakumi ko awon safe kafin karyawa. A tarakumi, daga 5.7 zuwa 6.4 bakin ƙofa ne, 6.5 zuwa sama kuma likita ne zai tabbatar ya faɗi abin yi. Ga shawarar da nake ganin ta fi dacewa da ku: tunda adashi kuke yi, kowa ta riƙa ɗora 'yan riyal kaɗan a gefe, duk wata a biya wa mace ɗaya ko biyu kuɗin gwaji, a fara da waɗanda ba su da ta'amin, wato inshorar lafiya. Kuma wata ta raka ta. Mata da yawa ba kuɗi ke hana su zuwa ba, tsoron jin sakamakon su kaɗai ne.

Na'urar awon jini tana iya zama, amma a ɗaki, wadda take so ta shiga ta auna kanta ta rubuta a takardarta. Ki koya musu yadda ake yi daidai, domin yawancin awon falo ba daidai ba ne. A yi fitsari tukuna, a bar gahawa da shayi na rabin awa, a zauna a kujera minti biyar an jingina baya, ƙafafu a ƙasa ba a harɗe ba, hannu a kan teburi daidai ƙirji, a yi shiru ba hira. A auna sau biyu da tazarar minti ɗaya. Mai kaurin damtse tana buƙatar babban maɗauri, in ya yi mata kaɗan lambar za ta haura ba gaira ba dalili. Wadda ta riƙa ganin lambar sama ta kai 140 ko ta ƙasa ta kai 90 a ranaku daban-daban, takardar za ta ɗauka ta kai wa likita. Kalma ɗaya kuma ta zama doka a bakinki: ba na cewa a sha, ba na cewa a daina.

Sannan ki raba nauyin. Ku kasu biyu-biyu, kowa ta zaɓi wadda take sakin jiki da ita, zai fi kyau in gidajensu na kusa. Kowace mace ta ɗauki abu ɗaya tak da za ta yi a makon, ita za ta zaɓa, ba ke ba. "Zan rage ƙiba" ba alkawari ba ne, buri ne. Alkawari shi ne, "Zan zagaya rufin gidanmu minti goma bayan Isha, Asabar da Litinin da Laraba." Abokiyarta ta tambaye ta, daga ɗaya zuwa goma, nawa take ba kanta cewa za ta iya. In ta ce ƙasa da bakwai, a rage alkawarin har ya zo daidai ƙarfinta. Tsakiyar mako a buga waya. In ba ta yi ba, tambayar ita ce "me ya tare ki?", ba "me ya sa ba ki yi ba?" Amsar da za ki ji za ta koya miki abin da ba ki sani ba: jika aka kawo mata reno, gwiwa ce ta kumbura, maigida ne ba ya son fitar dare. Daga nan sai ku nemi dabara tare. Wata sai cikin kasuwar zamani mai sanyi za ta iya tafiya, wata a tsakar falo tana sauraron karatu, wata kuma ɗawafin nafila ne zai fitar da ita daga gida da farin ciki. Ko minti goma bayan cin abinci yana rage hawan sugan jini.

Ta fannin ci, ki fara musu da kofin shayi, don shi ne abin da kowa ke iya ƙirgawa. Ƙaramin kofi da cokali biyu na sukari, sau biyar a yini, cokali goma ke nan tun ba a zo kan lemo ba, wanda gwangwani ɗaya ke ɗauke da cokali takwas zuwa tara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce kimanin ƙananan cokula 12 a yini, in ya tsaya a shida ya fi. Gishiri kuma ƙasa da giram biyar, wato bai cika ƙaramin cokali ɗaya ba, alhali magi kusan rabinsa gishiri ne, mu kuma mukan jefa uku mu ƙara gishiri a kai. A rage rabin cokali a shayi wannan makon, a cire magi ɗaya a ƙara daddawa da tafarnuwa, harshe yana sabawa cikin 'yan makonni. Kada ki haramta wa kowa tuwo ko kabsa, a dai rage tudun a faɗaɗa wurin ganye da salak. Hadisin nan na kason ciki uku, ɗaya abinci, ɗaya ruwa, ɗaya numfashi, duk sun san shi, kuma ya fi kowace lacca shiga zuciya. Abincin zaman adashin kansa ku yi shawara a kai, kada ki yanke ke kaɗai, domin mai masauki mutuncinta na cikin farantinta.

Akwai kuma maganganun da sai a irin wannan zama na mata zalla suke fitowa, kuma a nan ne za ki fi amfani. Yawancinku kuna tsakanin 45 da 55, shekarun ɗaukewar al'ada, lokacin da kitse ke komawa ciki, hawan jini da ciwon zuciya ke ƙara matsowa. Wadda al'ada ta ɗauke mata shekara guda sannan ta ga jini, ta ga likita ba jinkiri. Hoton nono a nan ana fara shi daga shekara 40, ku tambayi juna wa ta taɓa yi, ku tafi tare. Wadda ta taɓa yin sugan ciki lokacin goyon ciki ta riƙa gwaji a kai a kai. Ƙwayoyin sa ƙiba da wasu ke sha don cika ido, da wasu mayukan bilicin, suna ɗauke da sinadarin da ke tayar da suga da hawan jini. Maganin ciwon gwiwa da ake saye a saidaliyya, wato kantin magani, ana sha kullum yana iya taɓa ƙoda ya kuma tayar da jini. Masu shan magani kuma su ga likita wata ɗaya da rabi zuwa biyu kafin azumi a tsara musu lokutan sha. Ki je cibiyar lafiyar unguwarku ki tambayi ma'aikaciyar da ke wayar da kai ko akwai zaman koyarwa da za ki halarta, ki karɓo takardunsu, ya zama kina da inda kike komawa da tambaya.

In kuma kin duba zuciyarki kin ga kin gaji, babu laifi ki ajiye jagorancin na 'yan watanni, ki riƙe mace ɗaya kawai ku riƙa tafiyar Asuba tare. Rashin barcin nan ma ina so ki faɗa wa daktorarki, don shi kansa yana taɓa suga da jini, kuma ina zargin ba ki gama kukan Yaya ba, kin dai mayar da shi aiki. Ki samu wadda za ki zauna da ita ki yi maganarta, yadda take dariya, abin da take dafa muku da Sallah, ba maganar ranar da ta faɗi kaɗai ba.

Yau gidan yayar maigida. Jibi ko gata, idan hankalinki ya ɗan kwanta, gidan aminiyarki, kuma ki bar na'ura a gida, ki tafi mata da turaren wutan da kika san tana so. Ki rubuto mini yadda kuka yi da su biyun, ina jira.